Jiran Da Ba A Yanka Wa Wa'adi Ba

Jira kalma ce mai gaɓa biyu kacal, wadda baki yake gamawa da ita kafin numfashi ɗaya ya ƙare, amma abin da ta ƙunsa yakan cinye makonni, wani lokaci har watanni, daga rayuwar mutumin da aka gaya wa ita. A Hausa ba ita kaɗai take zaune ba, domin tana da dangi da dama, kuma kowanne da irin launinsa: akwai dako, akwai tsumayi, akwai saurare, akwai dakatawa, akwai zuba ido, sannan akwai tsammani, wanda shi ne jiran da zuciya take yi ko da jiki yana can yana wata hidimar. Yawan waɗannan kalmomi shaida ce cewa masu harshen sun daɗe suna zaune da abin, har suka lura cewa jiran da manomi yake yi wa ruwan shuka dabam yake da jiran mai bin bashi a zauren wanda yake bi, kuma dukansu biyun dabam suke da jiran uwar da ɗanta ya tafi cin rani.

Zamani ya ƙaro wani jiran da kakanni ba su san shi ba, wato jiran kayan gyaran mota, musamman mai amfani da man dizal, wanda direbobin arewacin Najeriya suke kira gas, na Nijar kuma suke ce wa gazuwal. Siffarsa ita ce dillali ya karɓi oda alhali kayan babu su a ma'ajinsa, babu su kuma a babban ma'ajin kamfani, sai a rubuta sunan mai buƙata a layi har ranar da masana'anta za ta ƙera ko jirgi zai sauke. Birnin Kuala Lumpur, cibiyar kasuwancin Malesiya, wuri ne da ya dace a dubi wannan jira da kyau, saboda gari ne mai wadata da tituna da motoci, ga tashar jiragen ruwa ta Klang mai tazarar kilomita kusan 40 daga gare shi, wadda kwantenonin da suka ratsa ta a shekarar 2023 sun haura miliyan 14. Idan har a irin wannan gari mota za ta kwanta a gareji wata biyu saboda ƙarfen da bai fi tsawon tafin hannu ba, to lalle dalilin ya wuce nisan hanya.

Farkon dalilin shi ne dizal ɗan tsiraru ne a tsakanin ƙananan motocin ƙasar. Kamfanonin gida biyu, Proton da aka kafa a 1983 da Perodua da ya biyo baya a 1993, su ne suka cika tituna, motocinsu kuwa akasari masu shan fetur ne, don haka kayan gyaransu suna nan a kusan kowace unguwa. Dizal ya fi yawa a cikin motocin neman abinci: a-kori-kura irin su Hilux da D-Max da Triton da Ranger, da bas-bas, da manyan motocin dakon kaya, sai kuma 'yan motocin Turai na alfarma. Da yawa daga cikin a-kori-kuran a Tailan ake ƙera su, kamar Ranger a yankin Rayong da Triton a Laem Chabang, kuma ko waɗanda ake harhaɗawa a cikin Malesiya, zuciyar injinsu daga waje take zuwa.

Zuciyar nan tana buƙatar bayani, domin a cikinta ne yawancin dogon jira yake farawa. Injin da Rudolf Diesel ya tayar a garin Augsburg na Jamus a 1897 ba ya buƙatar fulogin tartsatsi, sai dai ya matse iska har ta yi zafin da man da aka fesa mata zai kama da kansa. Tsofaffin injuna, irin na gingimari da roka da kanikawan Kano da Kaduna suka ƙware a kansu, famfon ƙarfe zalla ne yake tura musu mai, kuma mai gyaran famfo da nozul yana iya kwance shi a kan benci, ya wanke, ya saita, ya mayar. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka koma wani tsari inda famfo ɗaya yake tara mai a bututu guda mai tsananin matsi, daga nan injektoci, wato bakunan da suke fesa man cikin silinda, suke ɗiba bisa umarnin ƙwaƙwalwar mota. Matsin yakan kai ma'aunin bar 2,000, fiye da ninki 800 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, ramukan bakin injekta kuwa faɗinsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da yawa ba. Kamfanonin da suke iya ƙera irin wannan abu 'yan ƙalilan ne a duniya, fitattunsu Bosch na Jamus da Denso na Japan da Delphi. Idan kuma famfon ya ci kansa daga ciki, garin ƙarfen yakan bi mai ya shiga bututu da injektoci har ya koma tanki, ta yadda gyara ba zai kammala ba sai an haɗa dukan kayan, kuma rashin guda ɗaya ya isa ya riƙe sauran.

A unguwannin gareji irin su Segambut da Kepong da kewayen Jalan Ipoh, abin da ido yake gani bai cika bambanta daga wannan shago zuwa wancan ba. An ɗaga bonet an tokare, an jera injektoci huɗu a kan tsumma bisa tsarin silindarsu, an toshe bakunan bututu da ƙananan murafai don kada ƙura ta shiga, an zuba kusoshi a gwangwani an ɗora a kan kujerar direba, an kuma rubuta lambar motar a jikin allo cikin jerin masu jira. Mai mota yakan zo ko ya bugo waya, makanike kuma, wanda shi da abokin cinikinsa kowa yake ce wa kowa “bos”, ya amsa da kalmomi biyu na harshen Malay: “belum sampai”, wato bai iso ba tukuna. Wannan “belum” ƙanwar “tukuna” ce ta Hausa, domin ba ta rufe ƙofa kamar “babu”, ba ta kuma buɗe ta kamar “gobe”. Mutum yana iya yanke shawara a kan “babu”, ya nemi wata hanya ko ya sayar da motar, amma “tukuna” tana riƙe shi a inda yake, tana hana shi fid da rai, tana kuma hana shi shiri.

Hanyar da kayan suke bi doguwa ce, kuma 'yan shekarun nan sun nuna yawan wuraren da take iya tsinkewa. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya gitta a mashigin Suwez ya tare shi kwana shida. Daga ƙarshen 2023, hare-haren da ake kai wa jirage a Bahar Maliya suka sa manyan kamfanonin sufuri suka koma zagaye kudancin Afirka, abin da ya ƙara wa tafiya tsakanin Turai da Asiya kwana goma ko fiye, kuma zuwa tsakiyar 2024 cunkoson da ya biyo baya a tashar Singafo ya malalo har Klang. A cikin gida, ambaliyar watan Disambar 2021 ta nutsar da dubban motoci a kwarin Klang, musamman a unguwar Taman Sri Muda ta Shah Alam, sai ga mutane masu yawa suna neman irin kaya ɗaya a lokaci ɗaya, na'urorin lantarki da wayoyi da ƙwaƙwalwar mota, daga ma'ajin da ba a tanade shi don irin wannan rana ba. Abin lura kuma shi ne Malesiya ita ma an jira ta. Kusan kashi 13 cikin ɗari na aikin gwadawa da naɗe ƙananan ƙwayoyin lantarki na duniya a ƙasar ake yin sa, a Penang da Kulim da Melaka da Muar, kuma da annobar korona ta tsayar da waɗannan masana'antu a tsakiyar 2021, kamfanin Toyota ya rage kashi 40 cikin ɗari na motocin da ya shirya ƙerawa a watan Satumba na shekarar. Mai a-kori-kura a Kepong yana jiran ƙwaƙwalwa daga Japan, masana'antar Japan kuwa tana jiran ƙwayar da za ta sa a cikinta daga Muar, garin da direban zai iya kaiwa cikin sa'o'i uku da motarsa tana tafiya.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai wata dabara ta sarrafa masana'antu da aka fi danganta wa Taiichi Ohno na kamfanin Toyota, wadda take ɗaukar tara kaya a ma'aji a matsayin asara, tana neman kowane abu ya iso daidai lokacin da za a yi aiki da shi. Dabarar ta rage tsadar motoci, ta kuma bazu a duniya, amma kishiyar hikimar rumbu ce, domin manomin ƙasar Hausa yana ajiye hatsin da ya fi buƙatar bana saboda ya san akwai shekarar da damina take ƙin cika alkawari. Kamfani da ya ƙi gina rumbu bai kashe jira ba, ya dai ɗauke shi daga littafin lissafinsa ya aza wa wanda yake ƙarshen layi, wato mai mota ɗaya da iyalin da suke ci daga gare ta.

Hausawa suna da suna ga jiran da mai yin sa ba shi da iko a kan komai: jiran gawon shanu. Gawo itace ne mai ɗabi'ar ban mamaki, yana zubar da ganye da damina lokacin da sauran itatuwa suke kore, ya yi ganye da rani, 'ya'yansa kuma su nuna su riƙa faɗowa a ƙarshen rani, daidai lokacin da ciyawa ta ƙare a daji. Shanu suna son 'ya'yan ƙwarai, amma ba sa hawa, ba sa girgiza, sai su tsaya a gindi suna sauraron abin da iska za ta kaɗo. Karin maganar yana nuni da tsayuwar da babu tabbas a cikinta, kuma ya dace da halin mai motar da ya biya kafin alƙalami ya koma gida. Sai dai idan aka duba da kyau, shanun sun fi shi gata ta fuska ɗaya, domin gawo yana da lokacinsa da kowane makiyayi ya sani, kuma makiyayin yana da dogon sanda mai ƙugiya da yake kakkaɓo 'ya'yan idan ya ga dabbobinsa sun gaji.

A nan ne kalmar wa'adi take shigowa, kuma ita ce take raba jira gida biyu. Mafi yawan jiran da al'ada da addini suka ɗora wa mutum an yanka masa iyaka. Mai azumi ya san faɗuwar rana ce ƙarshen ƙishirwarsa, mai takaba ta san wata huɗu da kwana goma ne, mai ciki tana ƙidayar watanninta. Ko a Malesiya, hukumar Tabung Haji da aka faro a 1963 don tara wa maniyyata kuɗin aikin hajji, duk da layinta yana ɗaukar shekaru gommai, tana sanar da mai ajiya shekarar da ake sa ran layi zai zo kansa, kuma wannan lamba kaɗai tana sa mutum ya iya tsara rayuwarsa. Malaman fiƙihu sun fahimci wannan tun da daɗewa a babin cinikin salam, wato cinikin da ake ba da kuɗi a gaba kaya su zo daga baya, inda suka sharɗanta a san siffar kayan, a san adadinsu, a kuma san ajalin kawo su, saboda gudun garari, wato jahiltar abin da aka ƙulla ciniki a kansa. Malikawa sun sassauta har suka yarda a ce “zuwa girbi”, saboda girbi lokaci ne da jama'a suka sani. Kuala Lumpur, inda aka buɗe Bank Islam a 1983, inda kuma hukumar tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci ta ƙasa da ƙasa take da mazauni tun 2002, gari ne da ake karantar da waɗannan sharuɗɗa kullum a jami'o'i, kuma ya kamata ruhinsu ya sauko daga ɗakin lacca zuwa kantar sayar da kayan mota. Abin da yake karya mai jira ba yawan kwanaki ne kaɗai ba, domin mutumin da aka gaya wa mako takwas tun ranar farko yana iya ɗaukar hayar wata motar, ya sanar da abokan cinikinsa, ya nemi banki ya sassauta masa. Wanda ake ce wa “mako mai zuwa” sau takwas kuwa, an hana shi duk waɗannan, an kuma sa ya zama mai saɓa alkawari a idon waɗanda su ma suke jiransa.

Abin da ake miƙa wa mai jira a madadin wa'adi shi ne haƙuri. Malay suna cewa “sabar”, daga tushen Larabcin da Bahaushe ya sani a cikin sunan Sabiru, Hausawa kuma suna cewa “a yi haƙuri, Alhaji”, ko “sai haƙuri, maigida”. Babu kalmar da Hausa ta ɗaukaka kamar wannan: haƙuri maganin zaman duniya, mahaƙurci mawadaci, mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, kuma masu fentin motoci sun daɗe suna rubuta ta a goshin manyan motoci da bayan bas-bas. Darajarta gaskiya ce, domin fushi ba ya ƙara wa jirgin ruwa gudu, kuma zagin yaron kanti zalunci ne a kan wanda ba shi ya riƙe kayan ba. Amma kalmar tana da fuska biyu, gwargwadon bakin da ta fito. Idan mutum ya gaya wa kansa, ko ɗan'uwa ya gaya masa, ƙarfafawa ce. Idan kuwa wanda ake bi haƙƙi ne ya furta ta ba tare da ya haɗa da bayani ko rana ba, takan zama hanyar rufe magana. Harshen da ya yabi haƙuri shi ne kuma ya yi tir da tsammanin warabbuka, inda aka ce malam ya ƙi noma don zakka, kuma shi ne ya ce zuwa da kai ya fi aike.

Nauyin wannan jira ba daidai yake sauka a kan kowa ba. Mai motar alfarma yana da ta biyu a gida, ko ya kira Grab, kamfanin da ya fara a wannan birni a 2012 da sunan MyTeksi, ko ya hau jiragen ƙasa na cikin gari da suka ƙaru da layin Kajang da na Putrajaya. Jirgin ƙasa kuwa ba ya ɗaukar kwandunan kayan lambu daga kasuwar Selayang kafin asuba, ba ya ɗaukar buhunan siminti zuwa wurin gini. Bashin sayen mota a Malesiya yana iya kai shekara tara, kuma biyan wata-wata ba ya tsayawa don motar tana kan jak, haka ma inshora da harajin hanya. Tun daga 10 ga Yunin 2024, lokacin da gwamnatin Anwar Ibrahim ta janye tallafin bai-ɗaya a yankin ƙasar da babban birnin yake, litar dizal ta tashi daga ringit 2.15 zuwa 3.35 a rana ɗaya, kuma ko da yake an ware ringit 200 a wata ga 'yan ƙasa da suka cancanta, ribar ƙananan masu sufuri ta riga ta ƙuntata, ta yadda wata guda na zaman banza yakan ci abin da aka tara a watanni. A bayan mai motar kuma akwai waɗanda ba su da suna a takardar gareji. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ware wa karen mota waƙa guda da kuntiginsa, kuma abin da ya sa waƙar ta zauna a zukata shi ne ta juyo da ido kan wanda yake cin abinci daga mota ba tare da ya mallaki ko ƙusa ɗaya a jikinta ba. Irin wannan ma'aikaci a Kuala Lumpur sau da yawa baƙo ne daga Bangladesh ko Nefal ko Indonesiya, mai karɓar ladan yini, kuma ranar da mota ba ta fita ba shi ma bai samu ba.

Hausawan da suke zaune a birnin da kewayensa, ɗalibai a jami'ar Musulunci ta Gombak da ta Putra a Serdang da ta Bangi, da 'yan kasuwa masu aika kaya gida, suna da nasu ƙarin. Rangwamen katin ringit 50 na hawa jirgi da bas wata guda na 'yan ƙasa ne, haka ma tallafin dizal. Tunanin farko da yakan zo wa Bakano shi ne ya buga waya kasuwar Ƙofar Ruwa, ɗan Kaduna kuma ta Fanteka, amma Malesiya tana tuƙi a hagun hanya da sitiyari a dama, Najeriya kuwa ta bar wannan tsari tun 1972, don haka kayan sitiyari da fitilun gaba ba sa dacewa, kuma da yawa daga cikin Hilux ɗin da suke yawo a Najeriya masu shan fetur ne.

Daga cikin dangin jira, dako ne ya fi amfani ga mai wannan hali, domin kalmar tana da ma'ana biyu da suke zaune lafiya da juna: mai dakon sakamako yana jira, ɗan dako kuma yana ɗauke da kaya yana tafiya. Jiran da aka mai da shi dako yana farawa da sanin ainihin abin da ake jira. Kowane ɗan ƙarfe yana da lambarsa, kuma mai motar da ya karɓi wannan lamba tare da lambar shasi yana iya tambaya a shaguna goma cikin yini ɗaya, yana kuma iya gano cewa injektan da ke cikin kwalin kamfanin mota shi ne dai wanda maƙerinsa na asali yake sayarwa a cikin nasa kwalin ta hannun wakilansa. Yana iya neman a rubuta masa ranar oda da ranar da ake sa ran isowa, da sharaɗin mayar da kafin alƙalami idan ranar ta wuce. Ƙananan kaya suna iya zuwa ta jirgin sama zuwa filin Sepang cikin kwanaki, da ƙarin kuɗin da sau da yawa bai kai asarar mako guda ba. Akwai kuma kalandar da gogaggun kanikawa suke riƙe da ita a ka: yawancin shagunan kayan mota suna rufewa kwanaki a bikin sabuwar shekarar Sinawa, gari yana watsewa zuwa ƙauyuka a ƙaramar salla, masana'antun Tailan suna hutun Songkran a tsakiyar Afrilu, na Japan suna nasu a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Odar da ta faɗa cikin ɗayan waɗannan ramuka ta riga ta ƙara mako, kuma wanda ya san haka ba zai ɗauki jinkirin a matsayin wulaƙanci ba.

Hanya ta biyu ita ce gwanjo. Malay suna kiran wuraren “kedai potong”, shagon yanka, saboda ana shigo da rabin mota na gaba daga Japan, an datse ta daga wajen kujerar direba, da inji da giya da wayoyi duk a jikinta, abin da duk wanda ya san kayan Baljiyam a kasuwar Ladipo zai gane nan take. Ga ƙofa ko madubi ko akwatin giya, wannan mafita ce mai kyau. Ga injekta da famfo kuwa, araha ba ta ado, domin ido ba ya ganin lalacewar da ke ciki, kuma injekta mai ɗiga yana iya huda fistan ya mai da ƙaramin gyara babba, sai dai idan an gwada shi a kan na'ura an ba da takardar sakamako. Wanda ya zaɓi sauya inji ɗungurungum kuma sai ya bi ta hukumar sufuri ta JPJ da cibiyar binciken motoci ta Puspakom don a yi wa sabuwar lambar injin rajista, wanda kuma motarsa take cikin garanti ya sani cewa kayan waje suna iya soke shi. Doka ma ba ta yi shiru ba, domin sashe na 37 na dokar kare masu saye ta 1999 ya ɗora wa maƙera da masu sayarwa alhakin ɗaukar matakin da ya dace don wuraren gyara da kayan gyara su samu na tsawon lokacin da hankali zai karɓa, kuma kotun ƙorafin masu saye tana sauraron da'awar da ba ta wuce ringit 50,000 ba, da kuɗin shigar da ƙara kaɗan, ga abin da aka saya don amfanin kai. Kai ƙara a irin wannan wuri bai saɓa wa haƙuri ba, tun da neman haƙƙi ta ƙofar da aka tanada shi ma ladabi ne.

Motar da take jira ita ma tana buƙatar mai kula, kuma wannan ne abin da aka fi mantawa. Ruwan da yake sauka a Kuala Lumpur a shekara ya kai kusan ninki uku na Kano, iska kuma cike take da laima dare da rana. Dizal ɗin da ake sayarwa a mafi yawan gidajen mai yana ɗauke da kashi 10 cikin ɗari na man da aka sarrafa daga kwakwar manja tun 2019, kuma wannan gauraye yana jawo danshi, yana tsufa da wuri, idan ya daɗe a tanki ƙwayoyin halitta sukan yaɗu a tsakanin ruwa da mai su zama dauɗa mai toshe matata. Batir yana mutuwa idan ba a cire kansa ba, faifan birki yana tsatsa, tayoyi suna lotsawa ta gefen da suka zauna, fumfuna tana kama kujeru, ɓeraye suna cin rigar wayoyi, ruwan da ya taru a bayan a-kori-kura kuma yana zama makwancin sauron da yake kawo zazzaɓin dengi. Leƙa motar sau ɗaya a mako, da buɗe ƙofofinta, da ƙara wa tayoyi iska, da tabbatar da bakunan bututun suna rufe, yana hana jira na biyu ya biyo bayan na farko.

Makanike shi ma mai jira ne, ko da yake ba a cika lissafa shi ba. Motar da ta kwanta ta cinye masa gurbin da motoci da yawa za su shiga su fita, a garin da hayar shago take da tsada, kuɗin aikinsa kuma ba ya zuwa sai inji ya tashi, kuma shi ne yake karɓar fushin da ya kamata ya isa wani ofishi mai nisa. Nagari a cikinsu shi ne wanda yake faɗin gaskiyar ranar tun farko ko da za ta kori ciniki, ya nuna takardar oda, ya kuma bugo waya kafin a bugo masa.

Ranar da kwalin ya iso ma aiki bai ƙare ba. Kowane sabon injekta yana zuwa da jerin lambobi a kansa, waɗanda suke bayyana ɗan bambancin feshinsa, kuma sai an shigar da su cikin ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta kafin inji ya daidaita. Sai an sauya matatar mai, an fitar da iska daga bututu, an zubar da tsohon dizal idan ya jima, an gwada motar a hanya da kaya a bayanta, motar haya kuma sai an duba ko wa'adin bincikenta na wata shida bai wuce ba tana kwance. Ƙwararrun masu sufuri sukan karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan da tsawon garantinsu, su kuma nemi a ba su tsofaffin injektocin, domin waɗanda ba su mutu gaba ɗaya ba ana iya kai su wurin masu gyaran famfo a sabunta, a gwada, a ajiye, tun da injin da ya buƙaci ɗaya a bana yana da sauran uku masu shekaru iri ɗaya.